Kalmar da Ta Biyo Ta Gida

Laraba, 4 ga Mayu, 1977

Yarinyar ta dawo. Ba hutu ba, ba Sallah ba. Ina tsakar gida ina matsar tunkuza na ji an dire akwatin ƙarfe a zaure. Ta shigo da kayan makaranta a jikinta, ta durƙusa, ta ce "Adda, ina wuni," ta shige ɗakin marigayiya Gwaggo Batulu ta ja ƙofa. Ko ruwa ba ta sha ba.

Ban tambaye ta ba. Ta ina zan fara? 'Yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama da ita mu yi hira ba. Ana yaye ta Gwaggo ta ɗauke ta, ita ke yi mata faɗa, ita ke shigar mata faɗa. Bara Gwaggo ta rasu. Ubanta kuma yana Legas wajen aikin gada. Saura ni, ni kuwa ba ni da baki a kanta.

Wata mai kamawa ne jarrabawarsu ta fita. Ƙuli-ƙulin yau ya ƙone.

Alhamis, 5 ga Mayu

Na aika wa Baffa Maikasuwa, yayan maigidan. Ya shiga ya yi ta magana da ita, muryarsa kaɗai nake ji. Da ya fito ya ce koro ta aka yi, sai ta koma da iyaye ran Litinin. Na ce me ta yi? Ya ce rashin kunya. Ya sa takalmi ya tafi.

Litinin, 9 ga Mayu

Mun je Kazaure. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce kullum mu rubuta abin da ya faru ko layi ɗaya ne, don kada hannu ya manta. To ga shi.

Shugabar makarantar Ba'indiya ce, ba ta daɗe da zuwa ba, ba ta jin Hausa. Akawunta, Malam Halliru, shi ke juya magana. Wai an ba 'yan makaranta tuwo sun ƙi ci. Yarinyar ita ce shugabar ɗakin cin abinci, aka ce ta tsaya a taron safe ta gaya musu abincin lafiyarsa ƙalau. Ta ƙi. Ta ɗauki kwanon tuwon ta kai gaban teburin malamai ta ajiye, ta koma ta tsaya. A gaban kowa da kowa.

Baffa ya daka mata tsawa ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ta durƙusa masa shi, ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri." Shugabar kuwa ko kallo. Nan matar ta nuna ta da alƙalami ta faɗi wata kalma, ta sake faɗa. Kamar "difayan" na ji. Malam Halliru ya sosa ƙeya ya ce wai tana da taurin kai. Sai yarinyar ta ce, a hankali, "Ba abin da take nufi ke nan ba." Ban da haƙurin da ta ba Baffa, iyakar abin da ta faɗa ke nan a ofishin.

Daga nan matar ta juyo kaina. Wai ni ce uwar? Wai me zan ce a kan halinta, a gida tana ƙarya? Na ja mayafi na juya fuska bango, na ce ni ban san ta ba, ta Gwaggo ce. Abin da kowace mace mai kunya za ta ce ke nan. Malam Halliru ya juya. Na ga matar ta dubi yarinyar, ta rubuta wani abu.

Sharaɗi: ran Litinin ta ƙarshen wata ta durƙusa a taron safe ta ce ƙarya ta yi. In ba haka ba, ba jarrabawa.

A mota ba ta dube ni ba har Roni.

Talata, 10 ga Mayu

In ba taurin kai ba ne, mene ne? Ita ta sani. Tana ɗaki, taku kaɗan daga inda nake zaune. Ba zan iya tambaya ba.

Alhamis, 12 ga Mayu

Na tsaya bayan an tashi aji na tambayi Malama. Ta sa na maimaita har sau nawa, matan suna ta dariyar bakina. Uwa mai koko har da cewa wai ni Shatu zan tafi Ingila, a kawo mini takalmi mai tsini. Malama ta ce Turancinta bai kai can ba, amma tun da shugaba ce ta faɗa cikin fushi, ai ba zai wuce fitsara ba, ko tsaurin ido.

Fitsara. Yarinyar da ba ta taɓa miƙa wa babba abu a tsaye ba.

Na ɓata shekara talatin da wani abu ban san baƙi ba. Yanzu na sani, ina karanta allon kasuwa, ina karanta sunan mota, ga shi ranar da nake bukatar karatun sai aka canja mini harshe. Wannan wane irin abu ne.

Asabar, 14 ga Mayu

Na kai wa Anjalina man gyaɗarta, na tarar da mijinta, Malam Nikodimu na ɗakin magani, yana gida. Na daure na tambaye shi. Ya ɗauko wani littafi mai kauri kamar tubali, ya yi ta buɗawa, ya rubuta mini a bangon littafin nan: defiant. Ya ce sunan halin kuma defiance. Na kwafa har ya zauna mini.

Na ce to mene ne? Ya ce taurin kai. Na ce an ce ba shi ba ne. Ya yi dariya ya ce wanda ya faɗa ya yi gaskiya. Jaki yana da taurin kai, amma ba a ce masa wannan, don jaki bai san wa yake ƙi ba, tsayawa kawai yake yi. Na ce kangara? Ya ce kangararre kowa yake ƙi, har uwarsa. Na ce rashin jin magana? Ya ce yaron da aka hana zuwa rafi ya faki ido ya tafi, shi ne marar jin magana. Wannan kuwa ba ya fakar ido.

Abin da na riƙe: sai akwai wani a samanka mai iko da kai. Ya ce yi, ka ce ba za ka yi ba. A fili, yana ganinka, ka kuma san abin da zai biyo baya. Babba ba ya yi wa ƙarami, ƙarami ke yi wa babba. Ya ce bijirewa ta yi kusa, tirjiya ma ta yi kusa, amma kowace da ɗan abin da ta rage.

Na ce ni ba wannan na zo ji ba. Zagi ne ko ba zagi ba ne?

Ya ce, "Maman Saude, ya danganta da bakin da ta fito." Da sunan ƙanwar yarinyar yake kirana, ya san al'ada. Anjalina daga kicin ta ce ai kalmar nan bara kullum tana rediyonsu, a kan yaran makarantar nan na Afirka ta Kudu da suka tsaya gaban bindiga, kuma mai labarai ba zaginsu yake yi ba. Malam ya ce haka ne. A bakin shugaba laifi ce, a bakin wanda ke kallo daga gefe wani lokaci yabo ce.

Na fito da ciwon kai. Kalma ɗaya ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Mu in mun zagi mutum ya san an zage shi.

Lahadi, 15 ga Mayu

Zafi. Hadari ya haɗo ta gabas ya watse. Ba ta ci tuwon dare ba, da safe na ba kaji.

Laraba, 18 ga Mayu

Wata mata ta zo nemanta daga Kazaure, sunanta Juliyana, mutuniyar Kafanchan, ita ce babbar mai dafa abincin makarantar. Da. An sallame ta.

Suka zauna gindin darbejiya, ni kuma na jawo turmi kusa na hau ɓarzar gyaɗar da ba ta bukatar ɓarza. A haka na ji labarin 'yar da na haifa, kamar mai satar ji a gidan wasu.

Dawar da ɗan kwangila ya kawo ta sha ruwa a ajiya, ta yi fumfuna, tuwon ɗaci. Yara suka yi ta gudawa, har an kwantar da wasu. Aka ce laifin masu dafuwa ne, ƙazanta. Juliyana ta ce shekarunta a bakin murhun nan sun fi na wasu malaman a duniya, ba a taɓa cewa tuwonta ya kwantar da kowa ba. Yarinyar ta ga buhunan da idonta. In ta durƙusa ta ce ƙarya ta yi, to ta sa hannu ke nan a kan Juliyana.

Juliyana da kanta ta ce mata, "'Yata, ki durƙusa. Ni na riga na tafi, ke kada ki bi ni." Ta ce ba za ta iya ba.

Da za ta tafi na raka ta zaure. A nan ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Wai a makaranta ana cewa shugabar ta so ta sassauta, amma da ta ji uwar yarinyar ma ta ce ba ta san ta ba, sai ta ce to ga shi, ko a gida an gaji da ita, ba mai tsaya mata. Na ce ai kunya ce! Juliyana ta ce ita ta sani, shekararta nawa cikin Hausawa. Amma matar daga ina za ta sani? Ta ce ta tambayi Malam Halliru don me bai yi bayani ba, ya ce shi abin da aka faɗa yake juyawa, ba a ɗauke shi aikin fassara al'ada ba.

Ashe da bakina.

Juma'a, 20 ga Mayu

Baffa Maikasuwa ya zo bayan masallaci. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ya faɗa ya fi a ƙirga. Wai ta durƙusa minti ɗaya ta karɓi takardar malanta, yanzu da gwamnati ke neman malamai ido rufe, har babur ake ba su bashi. Wannan gaskiya ne, ni ma abin da nake so ke nan, Allah ya sani.

Amma ya cika zafi a kan maganar. Da na ambaci dawa ina bayan labule sai ya ce wa ya gaya mini, mata ba sa shiga zancen kwangila. Ni ban ce kwangila ba. Sai na tuna wa yake saya wa dawa a kasuwar Gwiwa tun kaka, da rumbun nan nasa da rufinsa ya zube.

Na koma bakin murhu. Yayan miji ne.

Ya ce shi ba zai sake taka makarantar ba sai ta yarda. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, in ji shi, yana kallon inda nake.

Lahadi, 22 ga Mayu

Direban da ke zuwa Legas ya dawo da saƙon maigidan: a bi abin da Yaya ya ce. Shi ke nan. Da sabulu sanda biyu.

Laraba, 25 ga Mayu

Yau na gwada. Ba a yi wa 'yar fari magana kai tsaye, to sai na zauna ƙofar ɗakin ina tsince shinkafa, ina yi da ƙanwarta Saude. Na ce, Saude, wasu mutane dai ba sa tausayin kowa. Wasu mutane sun ga ana soya ƙuli tun suna aji ɗaya don a yi musu kayan makaranta, za su zubar a kan kwanon tuwo. Wasu mutane in sun durƙusa gwiwarsu ba za ta karye ba.

Saude ta yi zuru, ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

Daga cikin ɗaki ta amsa, ita ma da Saude take. Ta ce, "Saude, ki ce wa Adda ta kwantar da hankalinta. Ai ba ta san ni ba, ta Gwaggo ce ni."

Na tashi na bar shinkafar, kaji suka samu.

Ina jin haushinta. Ina jin haushin Ba'indiyar, da Halliru, da Baffa, da wanda ke Legas, da Gwaggo da ta tafi ta bar ni da aikin da ba a koya mini ba. Ita Gwaggo da tuni ta ɗaura ɗamara ta tafi Kazaure da ƙafa.

Juma'a, 27 ga Mayu

Na buɗe bangon littafi ina kallon kalmar. Wani a samanka. A fili. Ka san abin da zai biyo baya.

Ni ban taɓa ba. Ko sau ɗaya, tun ina yarinya. Da ina ganin abin alfahari ne.

Lahadi, 29 ga Mayu

Na wanke mayafin fita. Na ce wa Saude ta ce wa wasu mutane su shirya, gobe da sassafe motar Kazaure. Ta aiko tambaya wa zai kai ta. Na ce ta ce mata mota.

Na shiga bayan gida na gwada faɗin sunan a hankali. Harshena ya ƙi. Kamar in tuɓe zane a kasuwa.

Litinin, 30 ga Mayu

Mu biyu muka je. Mun tarar an gama taron safe, da gangan na ja ƙafa a tasha.

Shugabar ta tambaya ina namijin da muka zo da shi. Na ce bai zo ba. Ta tambayi yarinyar ta shirya? Ta ce a'a. Matar ta jawo wata takarda ta cire murfin alƙalami.

Ban san lokacin da na sauke mayafin daga fuskata ba. Na ce, Malam Halliru, ka juya mata yadda na faɗa, kada ka rage, kada ka gyara. Na ce rannan na ce ban san ta ba. A wurinmu mace ba ta yabon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Ke baƙuwa ce, ba ki sani ba, wanda ya sani kuma bai gaya miki ba.

Halliru ya tsaya. Na ce juya, Malam. Ya juya, yana kallon takalminsa.

Sai na ce, "Ni na haife ta. Na san ta." Na kuma kira sunan. Da ƙarfi ya fito, ya fi yadda na so, har masinja ya leƙo. Na ce ba ta ƙarya, ko tana ƙarama in ta fasa ƙwarya ita ke kawo sakainar da kanta. In durƙuso ake so, ga ni, a tara yaran in durƙusa har azahar. Amma ba za ta ce ta yi ƙarya ba, ni ma ba zan ce mata ta ce ba. In kina so ki san mai ƙarya, buhunan suna nan a sito, ba su da ƙafa.

Ban dubi gefen da yarinyar take ba.

Matar ta daɗe tana juya alƙalami. Ta yi wa Halliru tambayoyi, ya amsa, na ji yana ambaton Hausa. Sannan ta yanke: ba za ta koma ɗakin kwana ba, an karɓe shugabancin, ba za a ba ta takardar yabon hali ba. Amma sunanta yana nan a jarrabawa, ta riƙa zuwa daga gari. Maganar Juliyana da buhuna ta ce ba huruminmu ba ne. Na so in ƙara, na ga kada a yi biyu babu.

Muna miƙewa ta dube ni ta dubi yarinyar, ta faɗi wata gajeriyar magana. A ciki na tsinci kalmar, sarai, kamar an kira ni a kasuwa. Halliru ya buɗe baki. Na ce bar shi, Malam, wannan na ji.

Ko da wane baki ta faɗa, ban gane ba. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma haɗe rai ba.

Juliyana ta ce yarinyar ta zauna wurinta har a gama jarrabawa. A tasha yarinyar ta riƙe mini mayafi ina hawa mota, ta ce, "Adda, a sauka lafiya," muryarta ba daidai ba. Na ce wa kwandasta ya ce wa wasu mutane su yi karatu.

Alhamis, 2 ga Yuni

Labari ya riga ni isowa Roni. Baffa ya ce ba shi ba gidan nan sai ƙaninsa ya dawo an zauna. A aji Uwa mai koko ta ce ashe boko har kunya yake cirewa, gobe sai mu ji Shatu tana kiran maigida da sunan yanka. Aka yi dariya. Wata tsohuwa ba ta amsa gaisuwata ba a bakin rijiya. Wannan ya fi mini ciwo.

Anjalina ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce ta rufa mini asiri, a nan ɗan ne ya fara gudu.

Ban san abin da zan ce wa maigidan ba. Juliyana har yanzu ba aiki.

Asabar, 11 ga Yuni

Ruwa ya sauka jiya, an fita shuka. Sun fara jarrabawa.

Sau ɗaya ne na yi, don dole, ba zan sake ba. Ni ba irin mutanen kalmar nan ba ce. In ta dawo komai zai koma yadda yake, Saude tana nan.

Na ɗaure mata ƙuli da kwalbar mai da garin kunu, na Juliyana daban. Direban ya ce kaya sun yi yawa yau, in sa alama kada ya ɓata. Da sai in ɗaura jan tsumma kamar kullum. Alli ne ya zo hannuna, shi ya sa na rubuta sunan. Ya ɗaga ƙullin ya karanta da ƙarfi a tsakiyar tasha, sakarai, mutane suna ji. Ban ja mayafi ba, hannuna duk mai ne.

Harafin farkon ya ɗan karkace. Bari in gyara hannu a nan, don gaba.

Rahamatu.

Rahamatu.